Kebul ɗin da Babu Mai Shi

Yayanta ya sha gaya mata ta daina tafiya da Baba wurin aiki. Likita ma ya faɗa da bakinsa: zuciyar tsohon nan ta gaji, ban da wahala, ban da zafi, ban da wuri rufaffe. To amma wa zai zaunar da Baba? Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a saman falwayar tarho, kuma tun da mahaifiyarsu ta rasu zaman gida ya gagare shi. In Injiniya, kamar yadda ake kiran 'yar tasa, ta ɗauki jakar aiki da safe, sai ta tarar da shi a bakin ƙofa ya riga ya sa hula, yana duba agogo kamar ita ce yaronsa. Ba ta iya ce masa a'a. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, Uwata yake kiranta, kuma duk duniya ba abin da take tsoro kamar ranar da za ta daina jin wannan kiran.

Ranar Asabar ce, kamfanin da suka je na aikin rabin yini. An kira ta ta kafa sabuwar saba, wato babbar kwamfutar da duk sauran kwamfutocin ginin suke jingina da ita. Ɗakin a can saman bene yake, ba taga, sanyin na'ura har cikin haƙori, ga gurnanin fankoki da ba ya yankewa. Ta ɗaura layin dogon da sabar za ta hau a cikin kabad ɗin ƙarfe, ita da maigadi suka ɗaga ta suka tura har ta yi ƙas. Baba an hana shi ɗaukar komai, sai ya zauna a kan kwali yana miƙo sukuru yana kushe aikin 'yan zamani. Ta ba sabar wuta ta hanya biyu, don in ɗaya ta ɗauke ɗaya ta riƙe. Wannan duk ba wuya.

Wuyar tana bayan kabad ɗin. Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin nan ya jona kebul ɗinsa ya tafi, ba ko ɗaya da ya rubuta inda nasa ya nufa. Sun nannaɗe juna, sun cika kowane rami a akwatin rarraba layi, sabuwar saba ba ta da inda za ta shiga. Kai, wasu ma'aikatan dai sai addu'a.

Masu wannan sana'a suna da dabararsu, kuma Baba ne ya koya mata tun tana riƙe masa tsani. Kebul ɗin da ba a san mai shi ba, cire shi ake yi a saurara. In yana da amfani, mai shi zai zo da ƙorafi kafin ka ajiye hannu. In an ji shiru, to matacce ne, sai a datse masa kai don kada wani mai karambani ya sake jona shi.

Haka suka yi, kuma abin har da dariya. Ta zare na farko, sai ga kashiya ya hauro yana haki, wai kwamfutarsa ta mutu yana tsakiyar aiki. Ta mayar, ta manna masa suna. Ta zare wani, sakatariyar manaja ta bugo tarhon bangon ɗakin tana masifa. Baba ya yi ta ƙyaƙyata, ya ce ai ɗan Adam bai san yana da abu ba sai an taɓa masa. Da rana ta ɗaga, saura ƙunshi ɗaya a can ƙasa, tsofaffi masu ruwan toka, ƙura ta daskare a jikinsu.

A lokacin ne Baba ya ce zai sauke kwalayen banza zuwa sito a ƙasan ginin, ya ɗauko mata abin ɗaure kebul. Ta ce ya bari. Ya ce kwalin banza ma sai an nemi izinin likita? Ya karɓi katin buɗe ƙofa wajen maigadi, ya fita yana ƙunƙuni.

Ta zare ƙunshin gaba ɗaya, ta zauna tana saurare. Ba wanda ya hauro. Tarhon bango bai yi ƙara ba. Ta ji ma'aikata suna tashi, ana ja da kujeru, ana sai Litinin, motoci na barin harabar, har ginin ya yi tsit. Ranta ya yi fari. Ta ɗauki almakashi ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana datse kawunan, ta zuba a kwandon shara, ta jona sabarta a ramukan da suka samu. 'Yan fitilu kore suka kama ƙiftawa. Rashin dawowar Baba bai dame ta ba, don in ya samu mai sauraro sai ya ba da tarihin tarho tun daga farko.

Sai da ta buƙaci abin ɗaurin ta kira wayarsa. Wayar ta yi ƙara a bayanta, cikin aljihun rigar sanyin da ya rataye a kujera.

Ta sauka ta sami maigadi shi kaɗai a bakin get yana jin rediyo. Ya ce shi fa tun ɗazu bai ga tsoho ba, ya ɗauka yana sama. Suka gangara ƙasa. Zafi ya buge ta tun daga matakala, don siton bango ɗaya ya raba shi da ɗakin janareto. Ƙofar ƙarfe ce mai rufe kanta, a kulle. 'Yar fitilar wurin goga kati a mace take. Maigadi ya ce abin mamaki, ai daga ciki maɓalli kawai ake dannawa ta buɗe, kuma akwai tarho a bangon ciki, da an ɗaga yake bugawa sama ɗakin na'ura.

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta gane. Ƙofar da tarhon duk a cikin ƙunshin nan suke. Ta zauna jiran mai ƙorafi, alhali hanyar ƙorafin nasa ce ta zare da hannunta.

Ta bubbuga ƙofar da tafin hannu tana kiran Baba. Ta kara kunne. Ba ta ji komai ba sai rawar janareto a jikin ƙarfen. Makullin hannu yana wurin manaja, manaja kuma wayarsa a kashe. Ta ce wa maigadi ya tsaya nan, kada ya motsa, da zarar fitila ta kama ya goga ɗaya katin da ke hannunsa ya tura. Ta haura da gudu.

Guntayen kebul ɗin da ta datse suna reto a bayan kabad, duk kala ɗaya, duk kauri ɗaya. Ba ta san wanne ne ba, dole ta yi wa kowanne sabon kai. A fere bawo, a warware siraran wayoyin ciki, a jera su bisa launi, a cusa, a matse da filaya. Aikin da take yi ido rufe, yau yatsunta sun ƙi. Ta zare sabuwar sabar daga ramukan ba ta ko waiwaya ba.

Ta jona na farko. Can a wani ofis da ba kowa, na'urar buga takarda ta farka ta hau aiki. Ta jona na biyu, wani talabijin a baranda ya kunna kansa, ba hoto sai hasken fari. Na gaba, wata ƙararrawa ta yi ƙit sau ɗaya ta yi shiru. Ashe ba matattu ba ne. Ginin gaba ɗaya yana motsi a hankali, ita kaɗai a cikinsa tana kuka tana jera launi, tana roƙon Allah ya bar mata shi ko don yau.

Tana matse wani ta cusa, tarhon bango ya ɗauki ƙara. Ta wawuro shi.

"Uwata," in ji Baba. Muryarsa tas, ba haki.

Ta zauna a ƙasa. Ta yi ta ba shi haƙuri, kalmomin na karo da juna. Ya ce ta daina, ai ba ta yi komai ba sai abin da ya koya mata. Ya ce ya yi ta ɗagawa yana ajiyewa, ya san shiru take ji. Ta ce ƙofar ta buɗe? Ya sauya magana. Ya tambaye ta ko sabar ta tashi lafiya, ya ce kada ta bar wa mutane aiki a hargitse, ta ɗaure komai tsaf, kuma kada ta sauko da gudu, matakalar nan da santsi. Tana dariya tana share hanci, tana cewa to Baba, to.

Sai ta ga inuwa a bakin ƙofar ɗakin. Maigadi ne, gumi sharkaf, hularsa a hannu. Ya kasa kallon ta. Ta ɗaga masa hannu ya dakata, tana magana da Baba.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "sai haƙuri. Da fitila ta kama na buɗe, na same shi kwance a bayan ƙofa. Rai ya yi halinsa, jikin ma ya riga ya saki. Tarhon na nan rataye a bango, ba a hannunsa yake ba."

Ta kalle shi. A kunnenta layin a buɗe yake, tana jin sararin siton, tana jin janareto daga nesa.

"Baba?" ta ce.

Ba a amsa ba, amma ba a ajiye ba. Maigadi ya matso zai karɓi kan tarhon, ta riƙe shi da hannu biyu ta juya masa baya. Haka Yayanta ya zo ya same ta, zaune a ƙasa cikin sanyin nan, ta hana kowa ya katse layin.