Cokalin Balbina

"Fito da abin da ke cikin jakar nan, Iya," in ji Amparo, bayan ta kashe motar a gindin shingen kara.

Balbina ta ƙanƙame jakar a ƙirji. Ciwo ya cinye ta, ba abin da ya rage sai ido da taurin kai. Kowa a layinsu ya san likita ya sallamo ta ne don ba sauran abin yi.

"Magani ne."

"Maganin da ke ƙara? Haba Iya, bango ɗaya ne fa tsakaninmu. Cokali ne da kofi."

Amparo ta san ƙarar nan kamar sunanta. Shekara da shekaru, kowace safiya Balbina kan kaɗa cokali a jikin kofin gilashi, sai Lolo ya diro daga kan firiji ya zo cin burodi da madara. Biri ne. Marigayi mijin Balbina, direban babbar mota, shi ya ɓoyo shi daga Maroko yana jinjiri, a ƙarƙashin kujera. Balbina ba ta taɓa haihuwa ba. Ta raine shi, ta saƙa masa riguna, har ya girma ya fara cizo. Aka kulle shi a keji, ya koma tauna hannunsa har jini. Daga nan hukuma ta ɗauko shi zuwa wannan gidan kula da birai, inda Amparo ke yanka musu kayan lambu.

"Saurare ni," in ji Amparo. "Shi fa bai san shi biri ba ne. Ranar da aka haɗa shi da sauran, kunne suka yage masa. Sai kwanan nan wata tsohuwa a cikinsu ta fara kula shi. Shi ya sa ba a barin tsohon mai biri ya matso kusa. In ya ji cokalin nan ya rugo wurinki, za su juya masa baya, ya ƙare rayuwarsa shi kaɗai a keji."

"Ke kika haife shi da za ki gaya mini?"

"Ke ma ai ba ki haife shi ba."

Maganar ta riga ta fita. Amparo ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Balbina ta miƙo hannu a fito da ita daga motar.

Amparo ta tallafe ta har inda karan shingen suka ɗan buɗe. Can ciki birai na zazzaune a ƙarƙashin wani tsohon itacen zaitun. Balbina ta daɗe tana leƙe.

"Wanne ne?" ta tambaya.

Wannan tambayar ta fi komai ci wa Amparo rai. "Wancan, mai rabin kunne."

"Wayyo. Tsirara kuka bar shi, da sanyin nan?"

Hannun Balbina ya shige jaka. Ga kofi, ga cokali. Amparo na iya fizge su, hannun ai bai fi tsinke ba, amma ta kasa. Ta tsaya kawai tana kallo.

Balbina ta ɗaga cokalin daf da bakin kofin. Daidai nan tsohuwar biranyar ta matso bayan Lolo, ta shiga buɗa gashinsa da yatsu tana tsince-tsince. Lolo ya saki kafaɗu, ya lumshe ido.

"Ji ɗan banza," Balbina ta ce a hankali. "Ni ko sau ɗaya bai taɓa yi mini haka ba."

Ta ciro hankici, ta naɗe cokalin tam don kada ya taɓa gilashin, ta mayar jaka.

"Kai ni gida, 'yar nan. Na gaji."

Balbina ba ta wuce makon nan ba. Ranar Lahadi, ana kaɗa ƙararrawar coci, Amparo ta shiga kai mata romo, ta tarar da ita a kujerar kicin, kai a langaɓe, jiki ya yi sanyi. A kan tebur ga kofin cike da madara, burodi ya jiƙe ya nutse. Cokalin na gefe, har yanzu a naɗe cikin hankici.