Tozon Simon

Marin farko a kunne ya sauka, na biyu ya fasa wa Simon leɓe. Kafin ya miƙe daga benci, Hafizu ya yi ƙwallo da tukunyar, romo ya watsu a tsakar gidan hayar, yanka-yankan tozo suna birgima cikin ƙasa.

"Kashe min uba za ka yi? Mugu kawai!"

Simon lebura ne a kasuwar shanu ta Dei-Dei, mahauta kan sallame shi da tozo ko kitsen ciki. Ɗakinsa yana jikin na Malam Dallatu, tsohon direban tirela, mahaifin Hafizu. Tun bara da ciwon zuciya ya kwantar da tsohon, likita ya ce a rage masa mai da kitse. A rage fa ya ce! Amma Hafizu, da yake komai nasa da zafi yake yi, ya hana ko ɗigon man gyaɗa shiga tukunyarsu. Miya ta koma salam, tsoho ya bi ya rame.

Shi kuwa Simon, a ƙauyensu ba a kai loma baki maƙwabci yana tsaye. Dallatu ya san da haka sarai. Da ya ji ƙamshi sai ya fito yana gyaran murya, wai shan iska. Yau ma haka aka yi, sai ga Hafizu ya dawo da wuri.

"Ni ban kira shi ba," in ji Simon, yana tofar da jini. "Baba ya zo, ina ci. In kore shi? Haba, oga!"

Hafizu ya rarumo itacen girki ya rafka masa a gira. Nan Simon ya fusata, ya sungume shi, suka zube kan murhu, garwashi ya tarwatse. Mata suna ta ihu.

"Hafizu, sake shi!" Dallatu ya taso da maiƙo a hannu, yana haki. "Ni na kai kaina! Yunwa nake ji, ɗan nan!"

Ya riƙo rigar ɗansa ta baya. Hafizu bai ko waiwaya ba, ya fizge da ƙarfi. Tsohon ya yi taga-taga, ya zauna daɓas a ƙasa, ya dafe ƙirji. Gumi ya karyo masa.

"Wayyo, hannuna..."

Simon ne ya goya shi zuwa titi, jinin girarsa yana ɗiga a kan hannun tsohon. Kafin keke-napep ɗin da suka tare ya kai asibiti, rai ya yi halinsa.

Ana dawowa da gawa gida ya kaure da surutu, wasu su ce tozo ne, wasu su ce faɗan ne. Simon ya shige ɗaki, tsoro da baƙin ciki sun cika shi. Wallahi yana son tsohon nan, ga shi bai san ko shi ne ya kashe shi ba.

Famfo bai kawo ruwa ba ranar, ga wankan gawa yana jira. Duron Simon kaɗai ke cike a gidan. Can sai ya ji motsi a ƙofa. Hafizu ne tsaye da bokiti, ya kasa ɗaga kai.

Simon ya buɗe duron. Da ido ɗaya a kumbure ya riƙa kamfatar ruwa yana zubawa, kofi bayan kofi, har bokitin ya cika.