Murfin Kwalbar Kifin Rebeka

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya. Wannan ɗin ma na kifi ne.

Shekarar da aka yawaita rufe hanyoyi, ƙawata Rebeka da iyayenta suka bar unguwarmu ta Gomari zuwa Jos. Ta bar mini kifinta a babbar kwalbar alewa. Beta ake ce wa irinsa, ja ne, bai wuce tsawon yatsa ba.

"Kin ga yadda yake tasowa ya buɗe baki a saman ruwa? Numfashi yake," in ji ta. "Iska yake shaƙa kamar ni da ke. Kada ki cika kwalbar, kada ki toshe ta. Ruwan da ya kwana za ki riƙa canza masa, rabi kawai. Zan dawo in same shi."

Na ajiye shi a falo. Idan jirgin soja ya tashi, ruwan yakan yi rawa, shi ko a jikinsa.

Sai Ya Mu'mina, yayar babana, ta baro gonar shinkafarta a Zabarmari saboda tashin hankali, ta dawo gidanmu. Ita ba ta ganin ruwa a buɗe ta wuce. Randa, buta, kofin da aka sha aka rage, duk sai ta yi bisimilla ta rufe.

Wata Alhamis na dawo daga makaranta na tarar da kwalbar cike fal, an murɗa murfi. Kifin ya taso ya dunguri murfin, ya koma ƙasa ya karkace. Ya Mu'mina da Umma suna tsintar wake a tabarma.

"Na ƙara wa baƙonku ruwa," in ji Ya Mu'mina. "Tun safe yake haki kamar wanda ya gudo daga daji. Ga 'yar boko a gida, an bar kifi da ƙishi."

"Ya, wannan ko miya ba zai yi ba," in ji Umma.

"Shi ya sa ya tsira."

Suka yi dariya. Tun zuwanta ban ji dariyarta ba sai ranar. Ban taɓa ce wa babba "ba haka ba ne" ba. Na tsaya riƙe da jaka ina kallon kifin, har aka kira la'asar suka fita alwala.

Na kwance murfin, na tsiyayi ruwa cikin kofi. Kifin bai motsa ba. Can ya miƙe a hankali, ya taso, ya kurɓi iska, ya sake kurɓa. Na kifa tsohuwar rariyar gari a bakin kwalbar, murfin kuma na cusa shi ƙarƙashin littattafaina.

Ina bayan labule Ya Mu'mina ta shigo, Umma na biye da ita.

"Kin gani? Ya warware," ta ce wa Umma. "Rariyar ma ba laifi, an dai rufe. Amma wa ya ɗauke mini murfi?"

Kafin su waiga na sulale ta ƙofar kicin.