Wuyan Auta

Tukunyar ruwan zafi ta kife wa 'yata Auta daga kunne har kafaɗa, fatar ta saɓule a hannuna. A asibiti suka lulluɓe wurin da wani abu fari siriri, wai da zaren ganye aka yi shi. Nas ta ce naman jiki zai bi zaren ya saƙa sabuwar fata a ƙarƙashi. Zai yi baƙi, zai yi wari, amma in aka ɓare shi kafin ya faɗi da kansa, da sabuwar fatar zai tashi, wuyan ya ɗaure, yarinya ba za ta ƙara juya kai ba.

Babanta majemi ne. A sana'arsu, fatar da ta yi baƙi tana wari ta ruɓe ke nan, sai a kankare wurin kafin ya ci sauran. Na faɗa masa abin da nas ta ce har bakina ya bushe, ya ce yaushe ganye ya san fata. Yana son 'yarsa kamar ransa, amma taurin kai, wallahi ban ga na biyunsa ba.

Da hantsi ina guga na ji ihun Auta. Na tarar babanta ya danne mata hannu da gwiwa a kan gado, da wuƙarsa ta kankare fata, har ya ɗaga gefen abin, jini na bin matashi. Kuka yake yi shi ma.

"Baban Auta, sake ta."

"Ke ba kya jin warin nan? Ruɓewa take yi, kashe min ita zai yi."

Na ja rigarsa, ya make ni da gwiwar hannu, bakina ya daki ƙofa, haƙori ya fita. Sai a lokacin na lura dutsen gugar yana hannuna, da zafinsa. Ya sake sunkuyawa, na sauke masa shi a bayan hannu, a kan ƙarfen gado. Na ji ƙashi ya ce ƙas. Bai saki wuƙar ba, na ƙara masa, ɗakin ya cika da ƙaurin nama.

Danginsa sun ce na haukace. Su yi ta faɗa. Yatsunsa dai sun sandare, ba ya iya riƙe ko cokali, majema kuwa sai dai ya wuce ta ƙofa. Ina jin tausayinsa har cikin raina, amma da za a maimaita, zan sake.

Abin ya bushe ya faɗi da kansa a wajen wanka. Ƙarƙashinsa fata ce sabuwa, jaja-jaja, sai ɗan tabo inda wuƙa ta shiga. Babanta ya zo ya durƙusa, ya miƙa hannun hagu zai shafa, yana cewa zo in gani, uwata. Auta ta juya wuyanta sarai, babu ɗaurewa ko kaɗan, ta kau da kai daga gare shi ta ɓoye fuska a zanena.