Tantin Jelani a Filin Shanu

Jelani mutumin Yamai ne, kuma duk wanda ya san shi ya san haukarsa ɗaya ce a duniya, anime, fina-finan zanen nan na Japan. Saboda taron masoyansu da za a yi a Legas ya ɗaure tanti a bayan babur, ya rataya takobin katako irin na jarumin da yake so, ya shigo ta Illela. La'asar ta yi masa a Sakkwato. A unguwar Minanata ya ga wani fili shararre, har da inuwar dogonyaro, sai kawai gogan naka ya kafa tanti, ko sallama bai yi wa kowa ba.

Yana cikin gwada baƙar rigar jarumin, takobi a kugu, ya ji ihu. Ya ɗaga kai, sai ga ƙarti sun kai takwas a guje, da sanduna da igiyoyi, shi suka nufo. Sai a lokacin hankali ya zo masa: baƙo, da tanti, da takobi, a ƙasar da 'yan bindiga suka hana mutane barci. Idan aka ɗauke shi ɗan leƙen asirinsu, wa zai tsaya jin labarin zane? Tsoro ya kama shi sosai. Ya yar da takobin ya ɗaga hannuwa yana salati.

Wani dattijo mai ƙiba ya finciko shi ya manna shi da katanga. Ko numfashi bai sauke ba bijimai suka kwararo filin, wani jan sa ya bi ta kan tantin ya mai da shi tsumma. Ashe filin na Maccido ne, mahauci, nan ake sauke masa shanu duk ranar kasuwa, kuma shi ne ya finciko shi.

"Kai wanga yaro, ba ka ga turaku ba? Ba ka ji warin kashin shanu ba?"

Jelani ya ce wallahi shi inuwa kawai ya gani. Aka yi ta dariya. Maccido ya ɗauki takobin ya murza bakinsa da yatsa, ya ce wannan ko tumatir ba zai yanka ba. Jelani ya nuna musu jarumin a waya, aka taru ana leƙe, ana gardamar ko mutum na iya tsalle haka.

Dariyar ba ta je ko'ina ba sai ga mai unguwa da 'yan banga biyu, fuska ba wasa. Wani ne ya kai rahoton baƙo mai makami. Suka duba takardunsa, suka ce duk da haka sai ya bi su ofis ya kwana, in dai ba wani ne ya tsaya masa ba. Jelani ya duba, bai san kowa ba a garin nan.

Maccido ya goge hannu a riga, ya tsaya tsakaninsu.

"Baƙona ne. Gidana zai kwana. In ya yi wani abu, ni za ku kama."

Mai unguwa ya tambaye shi ko ya ma san sunan baƙon nasa. Maccido ya juyo.

"Af. Samari, mi ne sunanka?"

Jelani ya buɗe baki zai faɗa, sai hawaye suka riga shi.