Kan Sarƙa Mai Tsaunuka Uku

Luba ta yi shekara tara a sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro kafin ta kama sana'ar duwatsun ado. 'Yar Gwoza ce. Ta baro gida da goyon 'yarta Lubna a shekarar da aka tarwatsa garinsu, kuma tun daga ranar ba ta sake jin ɗuriyar kowa nata ba.

Wasu mata ne suka zo sansanin suka koyar da yadda ake ɗinka ƙananan duwatsu a kan ƙyalle mai kauri, a zagaye shi da almakashi, a manna masa fata a baya, ya zama kan sarƙa. Sauran matan furanni suke yi, yadda aka nuna musu. Ita kuwa sai hannunta ya riƙa fitar da zanen da mahaifiyarsu take yi a bakin ƙwarya: jajayen tsaunuka uku, na tsakiya ya ɗan karkace, da farin ɗigo a ƙarƙashinsa.

Igiya ce ta gagare ta. Ranar da ta fara kai talla Garki, ta shiga rumfar wata mai kitso a Eriya Wan, Serah, 'yar Kagoro. Serah ta yaba zanen, ta ɗan ja igiyar, sai ta warware a hannunta. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ɗauko zaren siliki, ta maƙale bakinsa a ƙusa, ta kitse shi tsaf cikin minti biyar, wadda take yi wa kitso na zaune da rabin kai tana kallo. Daga nan suka haɗa hannu. Luba tana ɗinki a gida, Serah tana kitsa igiya in babu kowa a kujera, ta rataye su a gefen madubi. Ma'aikatan ofisoshin da ke kusa suka fara saye.

Wata Laraba da hantsi, Luba tana zura zare a allura, sai wayarta ta yi ƙara.

"Maman Lubna, bar abin da kina yi ki zo yanzu," in ji Serah. "Akwai wani mata a nan, ya ƙi zama, ya ƙi tafiya."

Luba ta ɗauka wani aibi aka gani a aikinta. Ta yafa mayafi ta hau mota, tana ta shirya kalmomin ban haƙuri a zuciyarta.

Ta tarar da wata mata mai jiki tsaye a ƙofar rumfar, riƙe da kan sarƙa ɗaya. Matar ba ta amsa sallama ba, sai ta miƙo shi.

"Wa ya koya miki karkata na tsakiyan?"

Luba ta ce Innarta ce. Tana faɗa tana kallon bakin matar, sai ta ga wushiryar nan, da tabon ƙuna a gefen haɓa. Ta zauna a kan bencin masu jiran kitso.

"Yaya Luba," in ji matar a hankali.

Zakiyya ce, ƙanwarta, wadda ta bari tana 'yar siririya mai shekara goma sha biyar. Suka rungumi juna, kuka da dariya suka cakuɗe, har masu rumfunan kusa suka taru. Da numfashi ya dawo, Zakiyya ta ba da labari. Ta tsallaka Kamaru, daga can Yola, inda ta auri Nababa mai gyaran firji. Shekararsu shida a nan kusa, a Karu. Jiya ta kai ɗanta makaranta ta ga zanen a wuyan malamarsu, ta tsare ta da tambaya har ta kwatanta mata rumfar.

Luba ta kasa tambayar abin da ke cin ranta. Zakiyya ta gane, ta ciro waya ta danna lamba. Inna tana nan da rai a Yola, a gidan kawunsu, idanu ne kawai suka yi rauni.

Da farko tsohuwar ba ta yarda ba. Sai da ta sa Luba ta faɗi sunan kakarta da na rijiyar unguwarsu. Can aka ji tana hamdala, sannan ta soma faɗa, wai muryar Luba ta nuna ba ta cin abinci.

Serah ta rufe rumfa tun kafin azahar, ta aika aka sayo masa da lemo aka raba wa duk wanda ke wurin. Suka tsayar da Asabar don tafiya Yola. Serah ta ce a kama mata kujera ita ma, a gefen taga, tunda ba ta taɓa zuwa can ba.