Baƙar Giyar Oom Stoffel

"Sauke tiyon har gindin kwalbar, Dulcie. Kina sa mata iska."

Ina durƙushe a kan simintin garejinsa, gwiwoyina na ciwo, shi kuwa maƙwabcina Oom Stoffel, wato Kawu Stoffel, yana kan kujerar roba lulluɓe da bargo a tsakiyar zafin watan Maris, yana ba da umarni kamar har yanzu shi ne shugaban leburori. Na ce masa ni shekara ashirin ina waƙa a coci, ko ɗigon giya bai taɓa taɓa harshena ba, in bai gode ba to ya yi shiru. Ya ce zai gode idan na daina ɓata masa aiki.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a gonakin hop da ke bayan dutsen nan na garinmu George, yana shanya furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi. Da ya yi ritaya sai ya dasa jijiyar hop uku a jikin wayar shingen da ta raba gidajenmu, ya ɗauki wata rigima ya ɗora wa kansa. Wai sai ya dafa baƙar giya, irin wadda suke kira fota, wadda ƙamshin hop zai fito a cikinta ba tare da gasasshen sha'ir ya danne shi ba. Sau goma sha ɗaya ya gwada. Wani lokaci ta fito kamar ƙonannen kofi, wani lokaci ɗacin ya hau kai kamar maɗaci. Duk sanda ta ɓaci sai ya tuttular a magudana, warin ya cika mini tsakar gida. Wannan ce ta goma sha biyu, kuma da ni da shi duk mun san babu ta goma sha uku.

Sista Nomfundo, malamar jinyar da ke zuwa duba shi, ta faɗa mini a bakin ƙofa ranar Alhamis cewa mako ɗaya ne, in ya yi tsawo kwana goma. Giyar kuwa sai ta kwana goma sha huɗu a cikin kwalba kafin ta yi gas, ɗanɗanonta ya zauna.

Shi ya sa da ya miƙo mini ƙaramin cokali ya ce rabi-rabi na sukari a kowace kwalba, na ce mu cika cokalin mana, mu kuma kai su inda ke da ɗumi, ai yis ɗin zai yi sauri.

"Giya ba ƙosai ba ce."

"Oom Stoffel, ba ka da kwana goma sha huɗu."

"Ita tana da su."

Raina ya ɓaci sosai. Mutum ya ɓata shekara shida a kan abu ɗaya, ga shi a bakin hanya, amma taurin kai ba zai bar shi ya rage ko kwana ɗaya ba. Na rufe kwalabe ashirin da huɗu, na jera su a cikin kabad mai duhu yadda ya ce, na raka shi gado. Kafin in fita na zari shida na zuba a jakar cefane.

A gida na buɗe su, na ƙara sukari son raina, na sake rufewa da abin matse murfi da na ɗauko a garejinsa. Ina da tsohuwar motar ɗaukar kaya ta marigayi mijina Hendrik, wadda ta shekara huɗu a tsakar gida ba ta motsa ba. Da rana cikinta kamar tanda yake. Na jera kwalaben a kan kujera, na ɗaga gilasai, ina jin kaina mai dabara.

Rana ta huɗu, bayan azahar, ina ba shi shayin rooibos da cokali, sai muka ji ƙara daga tsakar gidana. Ba a jima ba wata ta biyo, sai wata. Karen layi ya hau haushi. Oom Stoffel ko juyowa bai yi ba, ya tambaya guda nawa na ɗauka.

"Shida."

"Sukari nawa?"

"Cokali biyu-biyu."

"A ina?"

"A motar Hendrik."

Ya fara dariya, dariyar ta koma tari, har sai da na tallafo kansa. Da ya samu numfashi ya ce gara da ba a kicin na ajiye ba, da yanzu ni ake yi wa jinya. Ni kuwa kuka nake yi don haushi. Na ce masa don shi na yi, don kar ya tafi bai sani ba. Ya ce ya gane, amma sauri ya haifi nawa, kuma in bar masa goma sha takwas ɗinsa su huta. Yinin washegari a tsintar gilas na ƙare shi, motar kuma har yau warin giya take yi.

Daga nan abin ya gangara. Ya daina cin burodi, ya daina shan shayi. Kowace safiya in na shigo sai ya ɗaga yatsu ya nuna mini kwanakin da suka rage wa giyar, ni kuma in yi kamar ban gani ba.

Rana ta takwas Sista Nomfundo ta ce ya daina iya haɗiya, a riƙa jiƙa masa leɓe da auduga kawai. Ban tambayi kowa ba, na wuce gareji na ɗauko kwalba ɗaya. Da na buɗe, ɗan huci kawai ta yi, ko kumfar kirki babu. Na tsoma audugar na shafa masa. Ya motsa harshe, ya daɗe idonsa a rufe.

"Ta yi?" na ce. "Oom Stoffel, ta yi ko ba ta yi ba?"

"Ɗanya ce. Saura kwana shida."

"Ko ƙarya ce ka ce ta yi mana."

Ya girgiza kai a hankali. Ban sake jin wata doguwar magana daga bakinsa ba. Ya cika ranar Talata da hantsi, kwana na goma, ina riƙe da hannunsa, kuma Allah Ya gafarta mini, har a lokacin ina jin haushinsa.

An binne shi ranar Asabar. 'Yarsa ta zo daga Cape Town, an yi shayi da sanwici a zauren coci, an yaba halinsa, ba wanda ya ambaci giya. Da ta ce za ta kwashe tarkacen gareji ta zubar, na ce kabad ɗin nan nawa ne. Ta dube ni da mamaki, amma ba ta yi musu ba.

Da la'asar, bayan mutane sun watse, na lissafa na ga kwana goma sha huɗu sun cika. Na zauna a dandamalin ƙofarsa da kayan cocina a jikina, na buɗe kwalba. Wannan karon ta yi huci mai ƙarfi. Na karkata kofin gilas yadda na sha ganin yana yi, ta zubo baƙa wuluk, kumfa mai launin ƙasa ta taso ta tsaya. Na kurɓa. Akwai ɗaci, akwai wani abu kamar kofi, akwai ƙamshi kamar ɓawon lemo. Na sake kurɓa, na riƙe a baki, ina neman abin da ya nema shekara shida.

Ban sani ba ko ta yi. Duk layin nan babu wanda zai iya faɗa mini. Na ajiye kofin a kan siminti kusa da ƙafata, ina kallon kumfar tana sauka sannu a hankali.